Mzee Kilasi da Notin da Ya Ƙi Kwancewa

Da ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin da iskar Makambako ke shiga mutum ta wuyan riga ta fita ta ƙafar wando, za ka ga wani tsoho yana gangarowa a kan keke daga bayan tashar jirgin ƙasa, da hular ulu har kunne, da akwatin katako ɗaure a baya. Mzee, wato Dattijo, Yoram Kilasi ke nan, mai gyaran taya da ƙafar mota. Shekara arba'in da ɗaya yana wannan hanya zuwa rumfarsa ta kwano a mararrabar Njombe, inda manyan motoci ke tsayawa su huta. Ba ya fara aiki da gaggawa. Sai ya share gaban rumfar, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanoni daga ƙarami zuwa babba, ya goge kowanne da tsumma, sannan ya tsallaka wurin mai shayi ya ɗumama yatsunsa a jikin kofi. Ya ce hannun da sanyi ya kama ba ya jin abin da ƙarfe ke faɗa masa.

Direbobi suna kiransa Faston Noti, kuma ba su yi masa ƙarya ba, domin ba za ka kai masa taya ka tafi ba tare da ka sha wa'azi ba. A garin nan, kamar sauran garuruwan bakin hanya, an taso da ganin cewa ɗaure notin taya aikin ƙarfi ne. A zura sifana, a ƙara masa dogon bututun ƙarfe, a samu ƙaton da ya fi kowa cin tuwon masara ya hau kai ya yi ta tsalle har ƙarfen ya yi kuka, sai kowa ya ce yauwa, yanzu ta ɗauru. Mzee Kilasi in ya ga haka sai ya juya baya kamar an zagi iyayensa. Shi da yatsu yake fara ɗaura kowane noti, ya murza har ya zauna da kansa. Ba ya bin su a jere. In ya taɓa na sama sai ya tsallaka na ƙasa, daga nan ya koma gefe, don ƙafar ta zauna daidai. Sai an sauke mota daga jak ta taka ƙasa yake ɗauko wani dogon sifana da yake ajiyewa a cikin tsohuwar safa, wanda in ƙarfin ya isa yake yin ƙas. Da zarar ya ji ƙas ɗin nan ya gama, ko da direba zai yi ta roƙon a ƙara masa kaɗan don Allah.

Daga nan sai wa'azin ƙarshe: in ka yi tafiyar sa'a ɗaya, ka tsaya ka sake duba su. Mafi yawan direbobi suna cewa to, su wuce. Shi ma ya san to ɗin ta baka ce, amma bai taɓa fasa faɗa ba.

Bi Zuhura, wadda ta fi shekara ashirin tana sayar da tumatir a gefen rumfarsa, ta ba ni labarin wata rana da babbar bas ta Songea ta tsaya a sha shayi. Mzee Kilasi yana wucewa da kofinsa ya ga wani siririn layin tsatsa ya gangaro daga noti ɗaya a ƙafar baya. Ya ajiye kofin, ya je ya tsaya a gaban bas ɗin ya ce ba za ta tashi ba. Kwandasta ya kira shi mahaukaci, ya kira shi mai neman aiki da ƙarfi, fasinjoji suka leƙo ta taga suna tsaki. Tsohon ya sa yatsa biyu ya juya notin a gaban idon direba. Da aka duba, uku ne suka saki. Bi Zuhura ta ce direban ya zauna a ƙasa ya dafe kai, su kuwa fasinjojin har bas ta tashi suna mitar an ɓata musu lokaci.

Irin wannan labari suna da yawa a bakin masu dakon dankali da katako. Amma ni ba don labarin wasu na ɗauki alƙalami ba. Ina da nawa, kuma na daɗe ina jin nauyin rashin faɗarsa.

Shekara goma sha ɗaya da suka wuce mahaifina ya rasu a wani asibiti a Dar es Salaam, bayan wata uku yana jinya a wurina. Ni malamin makaranta ne a can. Mahaifiyata tana ƙauyenmu a Lupembe, ciwon gwiwa bai bar ta ta zo ba, sai dai a kara masa waya a kunne su gaisa. A wurinmu ba a binne dattijo a birni. A kan kai shi gida, kusa da iyayensa. Muka ɗauki hayar wata ƙaramar bas, aka sa akwatin gawa a tsakiya, mu dangi goma sha takwas muka zauna kewaye da shi. Aka aika gida cewa ranar Lahadi da azahar za mu iso, a haƙa kabari. Abu ɗaya mahaifiyata ta roƙa: a buɗe mata akwatin ta ga fuskar mijinta da hasken rana kafin a rufe shi. Likitan da ya shirya gawar kuma ya ja mini kunne cewa kada ta wuce Lahadi ba a binne ba, domin bayan haka babu wanda zai so a buɗe akwatin.

Kafin mu bar birni na sa direbanmu, Shabani, ya biya wani shagon taya. Ni ne, da bakina, na ce wa mai shagon ya ɗaure ƙafafun nan da kyau, mahaifina ne a ciki. Ya ɗauko bindigar iska, injin ɗaure noti, ya bi notocin ɗaya bayan ɗaya. Na ce ya ƙara. Ya ƙara. Ina tsaye ina jin daɗi, wai na yi wa mahaifina hidima ta ƙarshe.

Da hantsin Lahadi, saura kilomita uku mu shiga Makambako, tayar gaba ta hagu ta fashe. Shabani ya yi ƙoƙari ya tsayar da motar lafiya a gefen hanya. Muka sauko, aka ciro safaya, aka kafa jak. Sai noti ya ce bai san zancen ba. Shabani ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, ko motsi. Shi ma ba motarsa ba ce, ranar Juma'a aka ba shi makullinta, da ƙananan motoci ya saba. Nan fa Kawu Tadei, ƙanin mahaifina, ya cire kwat ɗinsa ya karɓi ragama. Kawu Tadei mutum ne da bai taɓa tuƙa mota ba a rayuwarsa, amma babu abin da bai sani ba. Ya sa aka aro bututun ƙarfe a wata gona, aka zura a sifana, ya hau da kansa, ya kira 'yan'uwana biyu suka hau tare. Suka yi tsalle sau ɗaya, sau biyu, a na uku muka ji ƙara, su ukun suka zube a ƙasa. Ƙusa ɗaya daga cikin shidan da notocin ke hawa ta karye. Suka koma kan na biyu, sifana ya riƙa zamewa har ya cinye gefen notin ya mai da shi kamar ƙwallo.

Na duba agogo, sha ɗaya saura. Mata suka koma cikin mota suna waƙar coci a hankali kusa da akwatin. Wayata ta yi ƙara, daga gida ne, an gama kabari, mahaifiyata tana tambaya mun kai ina. Na ce mun kusa. Gaskiya a lokacin tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko a bakin gadon asibiti.

Wata mata mai ɗauke da itace ta tsaya ta dube mu, ta ce mu daina wahalar da kanmu, mu nemo Kilasi. Ta ce yau Lahadi, yana coci, amma in aka ce masa gawa ce zai fito. Na hau bayan ɗan acaɓa na tafi. Na tarar ana tsakiyar waƙa, na raɗa wa mai tsaron ƙofa, ya shiga. Sai ga wani siririn mutum ya fito da farar riga a guge da littafin waƙoƙi a hannu. Bai tambaye ni ko ni wane ne ba. Ya tambayi irin motar, ya tambayi wace ƙafa ce. Da na ce ta gaba ta hagu, sai ya rufe ido.

"An hau sifana?"

Na ce an hau.

"Mutum nawa?"

Na ce uku. Ya miƙa wa mai tsaron ƙofa littafin, ya ce a ajiye masa.

Muka biya rumfarsa ya ɗauki akwatin katakon nan da wani tsohon gwangwanin madara. Da muka isa, kafin ya dubi taya sai da ya cire hularsa ya leƙa cikin motar ya yi wa mata ta'aziyya, ya ɗan tsaya a gaban akwatin gawa. Sannan ya tsuguna a gaban ƙafar, ya tofa yawu a babban yatsa ya goge kan wata ƙusa, ya kira Shabani ya nuna masa wata 'yar alama da laka ta rufe. Ya ce irin waɗannan motoci, notocin ɓangaren hagu a juye suke tafiya. Inda kake zaton kwancewa kake yi, ɗaurewa kake. Wato duk tsallen da aka sha, ƙara ɗaure abin da bindigar iska ta riga ta matse aka yi.

Kawu Tadei ya ce shi ma dama ya yi zargin haka.

Mzee Kilasi ya ɗaga kai ya dube shi. "To Baba, tunda kai ne mai zargi, zo ka riƙe mini gwangwanin nan. Aikinka ke nan yau. Kada ka hau komai."

Duk da gawa tana kusa, sai da wasu suka rufe baki da hannu.

Ya sa aka sauke motar daga jak ta zauna a ƙasa, aka sa duwatsu a bayan tayoyi. Ya ɗiga man birki da kalanzir a gindin kowane noti, ya ɗauki ƙaramar guduma ya riƙa bubbuga gefensu a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Sai ya zauna a kan akwatinsa ya ce a ba mai minti goma ya shiga. Minti goma! Ni da nake ƙirga kowane numfashi. Wani ɗan'uwana ya ce a nemo mai walda a gasa notin da wuta, yanzu zai saki. Tsohon ya ce ba a kai wuta kusa da ƙafar da taya ke jikinta, ya taɓa ganin abin da hakan ya yi wa wani, kuma ba ya son mu kai gawa biyu Lupembe.

Da lokaci ya cika ya zaɓo sifana mai baki shida da ya shige notin cif, ya tokare wuyansa da guntun katako don kada ya karkace, ya zura bututu. Bai hau ba. Ya kama ƙarshen bututun da hannu biyu ya jingina nauyinsa a hankali, yana ƙarawa kaɗan kaɗan, ya karkata kai yana saurare. Sai muka ji wata 'yar ƙara, notin ya juya. Haka ya bi huɗu. Wanda aka cinye wa gefe ya ɗauko sifana da ya ɗan fi shi ƙanƙanta ya buga shi da guduma har ya cije, ya jingina, ya ƙi. Ya ƙara mai, ya sake bubbugawa, ya jingina, ya ƙi. Farar rigar nan ta coci duk ta yi baƙi. A karo na uku ya juya gare ni.

"Ɗana, zo ka sa hannunka a kan nawa. Kada ka fizga. Mahaifinka ne, taimaka masa a hankali."

Na sa hannuna. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Muka danna tare, muna dannawa, sai na ji ƙarfen ya saki a tafin hannuna.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ya ce ba zai sa mutum goma sha tara da gawar dattijo a kan ƙusa biyar ba, balle biyar ɗin da aka ja su har suka gaji. Kawu Tadei ya ce rana tana tafiya, biyar ma sun isa. Mzee Kilasi ya karɓi gwangwanin daga hannunsa ya zazzage. Ƙusoshi ne da notoci da ya tara tsawon shekaru, na hagu ya shafa musu jan fenti. Ya buge karyayyar ƙusar ya fitar, ya canza ta, ya canza wata da ya ga ta miƙe, ya wanke haƙoran sauran da burushin waya ya goge mai tas. Sannan ya ɗora safaya, ya fara da yatsu, sama, ƙasa, gefe, aka sauke mota, sifanan cikin safa ya yi ƙas sau shida. Bai tsaya nan ba, ya zagaya sauran ƙafafun ya sassauta abin da na sa aka matse, ya mayar da su daidai. A nan ne na gaya masa cewa ni na sa aka ƙara. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce yawancin notocin da ya sha wahalar kwancewa, masu ƙaunar iyalinsu ne suka sa aka ɗaure.

Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce. Ya ce mu tsaya a Kibena, kafin mu sauka daga kwalta, mu sake dubawa. Shabani ya ce to. Tsohon ya dube shi, ya dubi Kawu Tadei, ya dube ni, sai ya ɗauki akwatinsa ya shiga motar ya zauna a kan matakala. Ya ce ya san irin wannan to ɗin.

A Kibena ya sauko ya bi notocin shida. Biyu sun ɗan saki, ya mayar da su. Na ce ga mota nan za ta koma Makambako, ya hau. Ya ce hanyar Lupembe ramuka ce da gangara, tunda ya zo nan bari ya ƙarasa. Da na sa hannu a aljihu ya riƙe mini hannun, ya ce aikin mamaci ba a yi masa ciniki.

Mun shiga ƙauye rana ta yi ƙasa, ta rataya a kan gonakin shayi. Mutane sun cika gida tun safe, wasu har sun fara cewa a bari sai gobe. Aka sauke akwatin a tsakar gida, aka kawo mahaifiyata a riƙe, aka buɗe. Ta daɗe tana kallonsa. Ta gyara masa wuyan riga, ta ce ya rame, ta ce, "Sannu da hanya, Lameki." Aka rufe, aka binne shi da sauran haske. Da aka dawo ta tambayi wane ne baƙon nan mai baƙar riga da ke tsaye can baya, aka gaya mata. Ta sa aka kira shi, ta riƙe hannayensa biyu da baƙin mai da komai, ta ce shi ne ya kawo mata mijinta.

Mzee Kilasi, a ƙarshen watan nan za ka rufe rumfa. Idanu sun yi rauni, gadon bayan da ya sha sunkuyo ya ce ya isa. Ba za a yi maka biki a babban ɗaki ba, babu wanda zai rataya maka lamba. Kai ne mai aikin da in ya yi kyau ba wanda ke sani, domin motar da ta isa gida lafiya ba ta shiga labarai. Kai ne wanda aka zaga a gaban bas ka tsaya, aka yi maka dariya ka ci gaba da wa'azinka. Yara nawa ne suka girma da iyayensu a Songea da Mbeya da Njombe saboda yatsunka biyu, ba su san sunanka ba? Ni na sani. Na gode, Baba. Iyalan Lameki Mgeni gaba ɗaya sun gode, har da Kawu Tadei, wanda yanzu yake ba da labarin a wuraren biki kamar shi ya gano alamar.

Ku kuma masu gyara da masu tuƙi da masu tsayawa a kan makaniki suna cewa a ƙara, irina, ku ɗauki darasin tsohon nan tun yana raye. Ku fara da hannu, ku bi notoci a tsallake, ku tsaya inda ya kamata a tsaya, ku sauka daga kan sifana. In kun yi tafiyar sa'a ɗaya ku tsaya ku duba, ko da babu wanda ya shiga mota ya tilasta muku.

Mahaifiyata yanzu tana da shekara tamanin da huɗu, abubuwa da yawa sun fara kuɓuce mata, wani lokaci har sunayen jikokinta. Makon jiya na je na gaya mata cewa mai gyaran tayar Makambako zai daina aiki. Na ɗauka sai na yi mata dogon bayani. Ta ce, mai baƙar rigar nan? Ta sa aka buɗe akwatinta, aka ciro wata farar riga ta mahaifina da ta ajiye a ninke shekara goma sha ɗaya. Ta ce in kai maka, ka ɓata taka saboda mijinta. Tana cikin jakata, Mzee. Ranar Asabar da safe zan same ka a wurin mai shayi.